Ƙwallon da Aka Ƙi Bugawa

Shiogane, farkon Afrilu

Ƙanena Shinpei,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, zafin Manaus ta Brazil bai gama soya ka ba. Mu nan lafiya lau. Furanni sun buɗe a bakin kogi har sun fara zuba. Baba yana cin abinci sosai, likita ya ce jinin ya sauka, sai dai hannun daman nan, tun ciwon shanyewar da ya taɓa shi, in ya ɗaga kofin shayi rabi a faranti yake ƙarewa. Shagon awara yana nan yadda ka bar shi, ni ma ina nan yadda ka bar ni, a bayan tukunya.

To ga labari. Garinku ya haukace. Wai bana a nan za a buga Wasan Taurari na besbol, wasan jifan ƙwallo da bugu da sanda, cikin Yuli, a sabon filin nan da magajin gari ya dasa a kan gonakin shinkafar mutane. Zaratan 'yan wasan ƙasar nan kaf za su zo Shiogane, garin da jirgin ƙasa mai gudu ko rage tafiya ba ya yi in ya zo wucewa. Ka zo ka ga rawar kai! An shafa wa gidajen da ke hanyar tasha zuwa fili fenti, fuskar kawai, bayan kuwa oho. An hana matan bakin teku shanya kifi a waje, wai kada baƙi su ji warin garin da suka zo. Magajin gari yana yawo da rigar 'yan wasa a kan kwat, tumbi a gaba, mutumin da ko takarda ya dunƙule ya jefa ba ya samun kwandon shara.

Duk wannan da dariya kawai zan yi, ba don sun shigo mana gida ba. Shekaranjiya wani Haraguchi daga ofishin magajin gari ya zo, mai man gashi kamar an tsoma shi a kasko. Tun daga bakin ƙofa yake rusunawa har na ji tsoron kada goshinsa ya faɗa cikin ruwan awara.

Ya ce, "Malam Sadaji, ranka ya daɗe, gari ne ya aiko ni. Kai kaɗai ne ɗan Shiogane da ya taɓa jifa a wasan ƙwararru. Muna roƙo kai za ka yi jifan buɗe fili."

Yau suka sani? Tun kafin a haife mu Baba ya yi kakar wasa guda a ƙwararru, kafaɗa ta ba shi matsala, ya dawo yana tace waken suya. Duk tsawon shekarun nan ko alƙalancin wasan yara ba su taɓa kiransa ba. Kuma matar wanzami ta tsegunta mini cewa sai da suka nemi wata mawaƙiyar talabijin ta ƙi, suka nemi wani tsohon ɗan kokawa ya ce ƙafa ta hana shi, sannan aka tuna da uban wasu.

Baba ya ce, "Daga kan tudun masu jifa zan jefa?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

"To."

Shi ke nan, "to". Shinpei, mutumin da ba ya iya riƙe kofi zai tsaya a gaban ƙasa baki ɗaya, a talabijin, ya jefa ƙwallo ta faɗi a gaban ƙafarsa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, cewa shi mai jifa ne, kuma shi za su karɓe don su cike gurbin mawaƙiya. Zuciyata ba za ta ɗauka ba. Na yi masa magana ya juya mini kunnen da ba ya ji. Waya ba ta da amfani a gare shi, ka sani. Ka rubuto masa, ka hana shi.

Yayarka,
Tokie

Manaus, farkon Mayu

Yaya Tokie,

Na sami wasiƙarki, na yi murna da jin kuna lafiya, jinin Baba kuma ya sauka. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da ruwan sama da ba ya gajiya da sauro da ba su san ranar hutu ba. Aikin masana'anta yana nan, babura muke ta haɗawa kamar duniya za ta daina tafiya da ƙafa.

Na yi dariya har abokin ɗakina ya leƙo. Shiogane da Wasan Taurari! Ai na san su, za su yi wata uku suna goge fitilun titi, taurarin su sauka da rana, su buga, su koma kwana a babban birni, ko sunan garin ba za su riƙe ba. Ki gaishe mini da fentin.

Amma batun Baba, Yaya, kin cika ɗaukar abu da zafi. Kin manta yadda ake jifan buɗe fili a ƙasarmu ne? Ba wasa ba ne, gaisuwa ce. Mai bugu yana tsayawa da sandarsa, ko ina ƙwallon ta nufa, ko ta yi sama, ko ta gangara a ƙasa, ko ta koma baya, dole ya kaɗa sandar a iska da gangan ya kuskure, alƙali ya ɗaga hannu, jama'a su tafa. Haka ake yi wa ministoci, haka ake yi wa 'yan mata masu tallar sabulu. Ba a taɓa kunyata mai jifan buɗe fili. Ko kyanwar gidanmu aka ɗora a kan tudun nan, sai ta fitar da gwarzon shekara daga wasa.

Saboda haka ki bar tsoho ya je ya sha tafinsa. Me ya rage masa? Ya sa riga, ya ɗaga hula, a ɗauki hoto mu rataye a shago. Mutumin da tun ina ɗan firamare yake jefo mini ƙwallo a bayan gida kamar yana jifan ɓarawo, bai taɓa sassauta mini ko sau ɗaya ba, yau shi ma ya ɗanɗana yadda sassauci yake. Ba zai kashe shi ba.

Hutuna sai ƙarshen shekara, don haka ba zan samu zuwa ba. Ki kunna wa marigayiya Mama turare a madadina.

Ƙanenki,
Shinpei

Shiogane, ƙarshen Mayu

Shinpei,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka. Damina ta kusa, kayan shanya sun fara ƙin bushewa.

Na ce ka rubuto wa Baba, ka rubuto mini. Da ɗan aike ya kawo ambulan muna cin abinci, Baba ya ga tambarin Brazil ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce, "Karanta mu ji." Ni kuma sakarya, ban fara dubawa ba, na hau karantawa da ƙarfi saboda kunnensa. Ya yi murmushi a wurin fenti. Ina cikin gudu sai ga ni a kan kyanwa. Na so in tsallake, baki ya riga ya tafi.

Ya ce, "Sake karanta wurin."

Na ce, "Baba, wasa yake yi, ka san halinsa."

"Kunnena ne ya mutu, ba kaina ba. Sake karantawa."

Na sake. Har da "me ya rage masa". Ya gama shinkafarsa tas, ya sha miya, ya tashi ya shiga ɗakin ajiya. Na ji yana ture akwatuna. Ya fito da tsohuwar safar hannunsa ta kamun ƙwallo da bokitin ƙwallayen nan naka da suka yi baƙi. Ya je bayan gida, ya auna tazarar tudu zuwa mai bugu da ƙafarsa, daga gindin bishiyar kaki, mai 'ya'yan zaƙin nan, zuwa katangar rumbun wake, ya zana murabba'i da alli a jikin katangar.

Ta farko da ya jefa ko rabin hanya ba ta kai ba. Ta faɗi cikin albasa. Na tsaya a taga ina kallo, hawaye na zuba, shi kuwa ya ɗauko ta biyu. Yanzu kullum da yamma haka ne. Yana jifa, suna faɗuwa a ƙasa, yana bi yana tsincewa da ƙafar da yake ja. Har yau ba wadda ta taɓa katangar. In na ce ya huta sai ya ce, "Kyanwa ai ba ta gajiya."

Kana can kana ɗaure wa babura kusoshi, ka zama masanin al'adun ƙasa. Ka zaci bai san ana kuskure wa mai buɗe fili da gangan ba? Ya sani tun ba a haife ka ba. Abin da bai sani ba shi ne ɗansa ya sa shi layi ɗaya da masu tallar sabulu.

Garin kuwa hauka sai gaba. Yanzu an tara tsofaffin unguwa ana koya musu yadda za su yi wa baƙi murmushi. Wata yarinya aka ɗauko daga birni, da fensir a baki take nuna musu. Matar wanzami ta je, ta dawo muƙamuƙi na ciwo. An kuma kawo mana takarda wai mu riƙa yanka awara zagaye saboda ta yi kama da ƙwallo. Na sa ta a ƙarƙashin tukunya.

Kada ka sake rubuto abin da ba za ka iya faɗa a gabansa ba.

Tokie

Manaus, tsakiyar Yuni

Yaya,

Ina gaishe ku, ina fata ruwan damina bai tayar wa Baba da ciwon ƙafa ba. Ni lafiya. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, ma'aikatan gidan waya na nan sun yi yajin aiki, sai jiya ta iso.

Ban ji daɗi ba. Ke na rubuta wa, don in kwantar miki da hankali, ban san za ki mai da takardata rediyo ba. Amma bari wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙwallo cikin albasa. Na kasa cin abinci. Kin yi gaskiya tun farko, tafi ba zai rufe wannan ba, kyamara za ta nuna inda ta faɗi.

To na gyara. Yau da safe na aika wa Haraguchin naku saƙo ta fas, na'urar aika takarda ta waya, daga ofishinmu. Na bayyana masa halin da hannun Baba yake ciki, cewa jifansa ba ya kai rabin hanya, na roƙe shi a matso da shi gaba, ya tsaya tsakanin tudu da mai bugu, yadda ake yi wa ƙananan yara da manyan baƙi. Daga nan ko lilo ya yi mata za ta isa. Irin su Haraguchi ba sa iya tunani da kansu, amma in takarda ta zo daga ƙasar waje har rawa suke yi.

Ba sai kin gaya wa Baba daga ni ne ba. Su ce tsarin talabijin ne. Kin ga kowa ya huta: ƙwallo ta isa, mutuncinsa ya tsira, ke kuma ki daina kuka a taga.

Shinpei

Shiogane, farkon Yuli

Shinpei,

Lafiyarmu ƙalau, tunda al'ada ce a fara da haka. Ruwa ya ɗauke, zafi ya sauko.

Kai dai ba a taɓa aikenka ka dawo da abin da aka aike ka ba. Labarin albasa na watan Mayu ne. Kafin takardarka ta iso, Haraguchi ya riga ta.

Bari in gaya maka abin da ya faru tsakani, tunda kai da tsohon labari kake aiki. Cikin Yuni ƙwallo ta fara taɓa gindin katanga. Daga nan ta hau. Wata yamma na ji "ƙwas" daga shago, na fito da gudu, na tarar da tabo a tsakiyar allin. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Katanga ba ta mayar da magana. Sa safar nan ki tsuguna." Ni da ban taɓa kama ƙwallo ba, yanzu kullum ina tsugune a gaban rumbun wake. Tafin hannuna ya yi shuɗi, da safe da ƙyar nake matse awara. Ba irin jifan da ka sani ba ne, ba ta da wannan wutar. Amma tana zuwa miƙe, kuma akwai wadda in ta kusa sai ta sunkuya ƙasa, ta sha dukan gwiwata.

Ana cikin haka Haraguchi ya iso, da fas ɗinka a hannu, da zane a takarda.

"Ranka ya daɗe, mun ji halin da ake ciki daga ɗanka na Brazil, yaro mai hankali. Mun shirya komai. Za mu shimfiɗa jan kafet a rabin hanya. Akwai kuma keken guragu a gefe, ko da za a buƙata, mun ma yi masa fenti da launin gari."

Ka ji ko? Ko ɓoye sunanka bai yi ba, wai yabonka yake yi. Baba ya karɓi fas ɗin, ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya ninke ya mayar masa.

Ya ce, "Ka ce daga kan tudu."

"Eh, to, amma saboda lafiyarka..."

"Daga kan tudu. Kuma ina da roƙo ɗaya. Wa zai tsaya da sanda?"

"Tsukumo, ranka ya daɗe, wanda ya fi kowa bugu bana."

"Madalla. Ku gaya masa ya buga da gaske. In ya same ta ya kai ta teku."

Haraguchi ya yi dariya, ya zaci raha ce. Da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya fara zufa. "Haba, Malam, ai ba a yi. Rashin ladabi ne. Jaridu za su cinye yaron. Girmamawa ce ake yi maka."

Baba ya ce, "Wanda ake girmamawa ana tsoron ƙwallonsa."

"Zan kai maganar sama," in ji shi, yana ja da baya yana rusunawa har ya taka takalmin wani. Ka san inda maganar da aka kai sama take kwana.

Bayan ya fita Baba ya zauna a bakin baranda. Can ya ce, "Rabin hanya. Ɗana." Bai ƙara ba, ya ɗauki bokiti. Ranar sai da na roƙe shi ya bari saboda hannuna.

Sau biyu ke nan, Shinpei. Na farko ka ce ƙwallonsa ba ta da muhimmanci, na biyu ka ce ba za ta isa ba, ka kuma sa hannu ka aika wa gwamnati. Don Allah ka zauna da taimakonka. Kada ka aiko komai sai wasan ya wuce.

Tokie

Manaus, farkon Agusta

Yaya Tokie,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Ina fata kuna lafiya, da gaske nake tambaya.

Na yi shiru kamar yadda kika ce. Wasan ya wuce tuni. Jaridar gida da ke zuwa ofishinmu ta iso, na bi ta layi layi: wanda ya ci, wanda ya buga ta waje, hoton magajin garinku yana washe baki. Ba kalma ɗaya a kan Baba. Na kira shago sau da yawa ba a ɗauka, na san lokacin kina bayan tukunya ne ko kuma kin gane ni ne.

Ya faɗi ne? Bai je ba? Yana asibiti? Ki zage ni cike da takarda in kina so, amma ki gaya mini.

Shinpei

Shiogane, tsakiyar Agusta

Ƙanena,

Kwantar da hankalinka, ba wanda ke asibiti. Baba lafiya, ni ma hannuna ya warke. Mun je kabarin Mama mun share, mun zuba ruwa, na faɗa mata kana gaisuwa. Na yi ta ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, shi ya sa ka ji shiru.

Ranar wasan gari ya cika har ba wurin tofar da yawu. Masu kakaki da ganguna na kowace ƙungiya sun zo, kowa da tutarsa. An sayar da waina mai siffar ƙwallo tas, matan bakin teku kuma suka zagaya bayan fili suna sayar wa baƙi busasshen kifin da aka hana su shanyawa. Magajin gari ya yi jawabi har 'yan wasa suka fara miƙa. Sau biyu ya kira sunan Baba, sau biyu ya kuskure shi.

Ni ina bakin rumfar 'yan wasa, an ba ni kati a wuya. Kafet ɗinka yana nan a shimfiɗe, ja wur, keken kuma a gefe da wata yarinya riƙe da shi tana murmushin fensir. Aka kira Baba. Ya fito da tsohuwar hularsa, yana jan ƙafa. Ya zo kan kafet, Haraguchi ya nuna masa da hannu biyu, nan ne, nan ne. Baba ya taka shi ya wuce kamar tabarmar ƙofa. Ya hau tudu. Ya share ƙasa da takalmi, ya tsaya ya dubi mai kamu da ke tsugune bayan mai bugu, sannan ya dubi Tsukumo. Kafin ya jefa ya cire hula ya rusuna masa, ya ɗaga murya ya ce, "Yaro, buga!" Tsukumo ya yi murmushi irin wanda ake yi wa kaka in ta ba da labari karo na goma, ya rusuna shi ma.

Shinpei, ta isa. Mai sunkuyawar nan ya jefa. Na san ta tun daga yadda ya riƙe. Ta tafi miƙe, ta zo gaban mai bugu ta nutse, ta shiga safar mai kamu da ƙara, har mutumin ya dubi hannunsa. Duk watannin nan bai taɓa jefa wadda ta kai ta ba.

Tsukumo kuwa ko kallonta bai yi ba. Sai da ta shige safa sannan ya kaɗa sandarsa can sama, a hankali, da hannu ɗaya, ya yi tangaɗin ƙarya kamar zai faɗi don a yi dariya. Aka yi dariyar. Alƙali ya ɗaga hannu, fili ya ɗauki tafi. Irin tafin da za su yi wa mawaƙiyar da ta ƙi zuwa, ba ƙari ba ragi. Kyanwarka ma abin da za ta samu ke nan. Ka yi gaskiya, kuma ban taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba.

Mutum dubbai a wurin, ba wanda ya ga abin da ya faru. Matar da ke bayana cewa ta yi, "Wayyo, ɗan tsoho, ya yi ƙoƙari." A talabijin, in ji matar wanzami, lokacin suna nuna fuskar magajin gari, sai tangaɗin Tsukumo suka kamo. Haraguchi ya tare mu da kwandon furanni yana cewa, "Ka gani, ranka ya daɗe? Ka fitar da gwarzon shekara!" Na so in cusa masa furannin a baki.

Baba bai tsaya kallon wasan ba. Muka fito ana ta busa kakaki, muka bi ta bayan gidajen da ba a yi wa fenti ba. A hanya na ce, "Baba, ta yi kyau. Na rantse ta yi kyau."

Ya ce, "Ke 'yata ce. Ko cikin albasa na jefa haka za ki ce."

"Ai mai kamu ma ya dubi hannunsa."

"Mai kamu aikinsa kamawa. Mai sanda ne kaɗai yake sanin ƙwallo. In ya nema da gaske ya rasa, ta yi. In ya same ta, ba ta yi ba. Ni yanzu ban san ko wanne ba ne."

Da ta faɗi a ƙasa, da ya san matsayinsa, ya haƙura. Wannan rashin sanin ne yake cinsa. Taurari sun tafi a daren, an naɗe tutoci, fenti ya fara ɓarewa. Shi kuwa tun ranar bokitin yana bakin baranda, bai taɓa shi ba, bai kuma mayar da shi ɗakin ajiya ba. Yana zama kusa da shi ya yi ta kallon katanga. Abincinsa ya ragu. Ina jin tsoro, Shinpei, fiye da yadda na ji a watan Afrilu.

Da ya ga ina rubutu ya ce in bar masa wuri a ƙasa. Ga shi, da hannunsa, ka yi haƙuri da karkacewar.

Tokie

Shinpei. Sandarka tana nan, na shafa mata mai. Duk garin nan masu ladabi ne. Kai kaɗai na sani marar kunya.

Manaus, ƙarshen Agusta

Yaya,

Ina gaishe ku. Ni lafiya. Na je wurin shugaban sashenmu na ce hutun ƙarshen shekara nake so yanzu, ya fara dogon bayani, na tsaya a kansa har ya gaji. Ina tafe cikin watan gobe.

Wannan ki karanta masa da ƙarfi, a kunnen da yake ji, kada ki tsallake komai.

Baba, na ji labarin 'yar ƙwallonka mai sunkuyawa. Yaya ce ta yaba, ita kuwa ko awara aka jefo mata sai ta ce ta yi gudu. Ni ban yarda ba. Na samo sanda a nan wurin wani ɗan Okinawa, kullum bayan aiki ina kaɗawa har hannuna ya yi kanta. Daga gindin bishiya za ka jefa, ba taku ɗaya da zan rage maka. Ba zan rusuna ba, ba zan yi murmushi ba. Ta farko da ka sako zan ɗauke ta in haye da ita rumbun wake, ka aiki Haraguchi ya tsinto maka a teku. Ka ci abinci sosai, don ba na son in ji wani uzuri.

Ɗanka,
Shinpei

Shiogane, farkon Satumba

Shinpei,

Muna lafiya. Na karanta masa, ban tsallake komai ba. Ya ce in sake wurin teku. Na sake.

Ya ce, "Ɗan banza. Ko inuwarta ba zai taɓa ba." Ya miƙo kwano na ƙara masa shinkafa.

Ka yi sauri ka zo ka karɓe ni. Hannuna ya sake yin shuɗi.

Yayarka,
Tokie